Ƙusa ta Farko a Bangon Des Hartwig

Ƙarfe shida saura kwata Des Hartwig yake ɗaga ƙofar shagonsa, kuma duk wanda gidansa ke kan titin tasha a Barrawinna ba ya buƙatar agogo. Ƙofar ta kwano ce, ta shekara ashirin tana kukan neman mai, shi kuwa da gangan yake hana ta, wai don ya taimaki malalatan gari. Daga nan sai ya kunna injin iska, ya ɗora buta, ya zuba wa tsohuwar karyarsa ruwa a wani lotsattsen kwano. Kafin ruwan shayin ya tafasa yakan ɗauki tsumma ya nufi bangon da ke bayan kanta. Ƙusoshi goma sha biyu ne a jere a bangon. Goma sha ɗaya babu komai a kansu da safe. Ta farkon, wadda ke kusa da taga, tana ɗauke da wata hula mai faɗin baki, ruwan ƙasa, tsohon gumi ya yi mata zobe. Yakan sauke ta, ya kaɗe mata ƙura, ya mayar. Sannan ya sha shayinsa a tsaye.

Hular ta mahaifina ce. Shekara talatin Des ya yi yana kaɗe ta kowace safiya, har zuwa Talatar da ta wuce.

Sunana Narelle Kinnear. Ni ce mai kai wasiƙu da saƙonni gidajen kiwon da ke yammacin gari, kilomita ɗari shida sau biyu a mako, saboda haka babu wanda ya ci taya a Barrawinna kamar ni, babu kuma wanda ya sha faɗan Des kamar ni. Ranar Juma'a mai zuwa zai sauke ƙofar nan mai ƙara a karo na ƙarshe. Shekararsa saba'in da ɗaya, kafaɗunsa sun gaji, hannunsa na dama ya fara rawa idan ya ɗaga kofi. Shi da matarsa Glenys za su koma bakin teku wurin 'yarsu. Da aka zauna a ɗakin taro ana neman wanda zai rubuta masa 'yan kalmomi a jaridar gari, kowa ya dubi na kusa da shi, babu wanda ya dubi inda nake. Ni na ɗaga hannu. Duk suka juyo suna kallona, domin duk wanda ya haura arba'in a garin nan ya san cewa ƙafar motar da ta kashe mahaifina, Des ne ya ɗaura ta. Sun kuma san mahaifiyata, Noeline, ba ta ce masa ko sannu ba tun daga ranar. Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun da na ji zai tafi. Mutum biyu nake ƙauna, garinsu ɗaya, cocinsu ɗaya, ga shi suna shirin rabuwa ba tare da kalma ɗaya ta shiga tsakaninsu ba.

Amma bari in fara da dokar hula, tunda da ita aka fi saninsa.

Idan ka kawo mota a sa maka sababbin tayoyi, Des zai yi aikinsa a tsanake, ya sauke motar daga jak, ya goge hannu, sannan ya miƙo maka tafinsa. Hularka yake nema. Zai rataye ta a ƙusa, ya ce ka kama hanyar burji ta yamma har tsohon famfon iska mai jawo ruwan rijiya, kilomita ashirin, ka juyo. Gargadar hanyar ce za ta girgiza ƙafafun su zauna daidai. In ka dawo sai ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya da doguwar sifanarsa, wadda ke cewa ƙas idan noti ya kai inda ake so, sannan ya tambaye ka ko sitiyari ya yi rawa a hannunka. In ka ce ya yi, ƙafar ta koma kan injin balansi mai daidaita nauyinta ke nan. In ka ce bai yi ba, ga hularka, sauka lafiya. Ya san mu ciki da waje. Mutumin yankin nan yana iya manta matarsa a kantin gari ya kai gida bai lura ba, amma ba zai yini a rana babu hula ba.

Bluey Maddern mai askin tumaki, wanda kansa ya fi ƙwai santsi, ya taɓa gwada shi. A gabana aka yi.

"Haba Des, tumaki dubu uku ke jirana! Ba ni hulata, na rantse zan tsaya a hanya in ɗaure su da kaina."

"Da me? Da bakinka?"

"Ina da sifana."

"Na san sifanarka. Da ita kake buɗe kwalba."

"To riƙe ta! Ka dafa ka cinye!"

Ya figi mota ya tafi. Kwana biyu ya yi a shingen tumaki da ƙoƙon kai a rana, ya dawo kan ya yi jajir yana saɓa kamar gasasshen dankali. Des ya ɗora sifana, sai ga notoci biyu na ƙafar baya sun juya kusan rabin zagaye. Bluey ya yi tsuru-tsuru yana kallo. Ya karɓi hularsa ya riƙe a hannu, tunda kan ba ya taɓuwa, ya ce, "To, na ji." Wannan ne ban haƙuri mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakin Bluey, kuma har yau in an tayar da zancen sai ya ce ƙarya ake yi masa.

Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wani ɗan takara da ya biyo neman ƙuri'a ya yi zagayen famfon iska da motarsa mai hotonsa a jiki, yana tafe yana sababi. Wani direban tirela ɗan kudu ya ce shi ba ya sa hula, ya buɗe hannuwa yana dariya, yana ganin ya sha. Des ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa ya ce, "Haƙoran nan naka ne na haihuwa?" Haka mutumin ya yi kilomita arba'in da dasashi, haƙoransa na cikin kofi a kan kanta. Ya dawo yana zagi, babu wanda ya gane abin da yake faɗa.

In kuna son jin wanda ba na dariya ba, ku tambayi Anti Ruby. Shekara huɗu ta yi tana kai mijinta, Kawu Clarrie, wankin ƙoda a asibitin garin Longreach sau uku a mako, ita kaɗai ce direba, tana da shekara sittin da 'yan kai. Ta ce a duk tsawon lokacin nan ba a yi Litinin ɗaya ba da Des bai bi ta gidansu da sassafe ya auna iskar tayoyinta ba, bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, sawunsa kawai take gani a ƙasa. Wata rana bayan ruwa sitiyarin ya fara rawa har yana neman ƙwace mata. Ta shigo shagon tana ganin motar ta mutu, in kuwa motar ta mutu to Clarrie ma ya bi ta. Des ya leƙa bayan ƙafar, ya zura hannu, ya ɓamɓaro wani dunƙulen busasshiyar laka kamar kan jariri.

"Motarki lafiyarta ƙalau, Ruby. Fasinja kika ɗauko ba ki sani ba."

Ya wanke ƙafafun, ya yi musu balansi, ya mayar. Sannan ya miƙa hannu.

"Des, ko kunya! Hular cocina ce fa."

"Ita ma ƙusa ba za ta cije ta ba."

Anti Ruby ta ce har ta mutu ba za ta manta hularta mai fure tana lilo a tsakiyar hulunan makiyaya masu warin gumi ba. Ta kuma ce Clarrie bai rasa wanki ko sau ɗaya ba.

Kai ne, Des, mai taurin kan da ya gagari gari. Kai ne ka mayar da manya-manyan maza masu shanu dubu suna zagaye famfon iska kamar 'yan firamare da aka kora su kewaye fili. Mun zage ka a gabanka, mun zage ka a bayanka, muna kuma kaiwa gida lafiya. Yaran da suka tashi sun tarar da dokar suna ɗauka rigimar tsufa ce. Ba su san ranar da aka buga ƙusoshin ba.

Watan Fabrairu ne, ina da shekara goma sha ɗaya. A lokacin muna zaune a gidan kiwonmu, kilomita casa'in yamma da gari. Babana, Russ, ya shigo da akori-kurarsa a sa masa sababbin tayoyi huɗu. Hadari ya haɗo daga arewa, kuma kowa ya san baƙar ƙasar nan: in ruwa ya riga ka, sai ka yi mako biyu a gari kana hangen hanya. Baba ya dinga zagaye motar yana duban sama.

"Yi sauri mana, Des. Noeline ita kaɗai ce da yarinya."

Abokai ne, tare suke zuwa kamun kifi in kogi ya kawo. Sai Des ya yi sauri. Ya sa tayoyin, ya yi musu balansi, ya mayar da ƙafafun, ya ɗaure su da bindigar iska mai ɗaure noti. Abu ɗaya ya tsallake. Akwai busasshiyar laka manne a fuskar ƙarfen da ƙafa ke zama a kai, bai kankare ta ba. Notoci suka ɗauru tam, amma a kan laka. Gargada ta niƙe lakar ta zama gari, notocin suka saki, a kilomita na talatin da takwas ƙafar baya ta hagu ta fice. Motar ta yi juyi uku. Ruwan da ake gudu kuwa bai zo ba ranar, ko ɗigo.

Babu wanda ya san zancen laka. A zaman binciken hatsarin an rubuta cewa gudu ne da munin hanya, mai binciken da aka turo daga birni har ya fara tattara takardunsa. Sai Des ya miƙe daga bencin baya, ba tare da kowa ya kira shi ba.

"Ranka ya daɗe, ba gudu ba ne. Russ ba ya gudu. Ni ne ban kankare laka ba."

Glenys ta gaya mini daga baya cewa ta ja masa riga har maɓalli ya tsinke. Doka ba ta kama shi ba, an ce kuskure ne. Amma rabin gari ya ɗauke masa ƙafa har shekara biyu, an kuma rubuta wata kalma da fenti a ƙofar shagon wadda ba zan maimaita ba. Masu son sa suka ce ya tattara ya koma inda ba a san shi ba. Ya ƙi. Ya sayo burushin waya, ya buga ƙusoshi a bango, ya ci gaba da buɗe ƙofa ƙarfe shida saura kwata.

Ka sani, Des, na yi shekaru ina jin haushin miƙewar nan taka fiye da lakar. Da ka yi shiru, da hanya za mu tsana, hanya kuwa ba a haɗuwa da ita a coci. Sai da na girma na gane abin da ka ba mu. Ka wanke sunan mahaifina da naka sunan. Ban taɓa jin wani ya ce Russ Kinnear ganganci ya kashe shi ba, kuma kai ka sa.

Mako guda bayan jana'iza ya tuƙo kilomita casa'in har gidanmu, riƙe da wata jakar takarda. Ina bayan Mama lokacin da ta tsaya a ƙofar raga, ba ta buɗe ba.

"Noeline, na zo ne in..."

"Misis Kinnear nake a wurinka. Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

Ya daɗe a tsaye da jakar a hannu, sannan ya juya. Ba mu san abin da ke ciki ba. A makon ne kuma Mama ta yi ta komawa wurin da motar ta kife, tana bin ciyawa tana neman hular Baba. Ta so a binne shi da hular, ba a samu ba, ta ci gaba da nema har bayan an binne shi. Ƙarshe ta haƙura ta ce iska ta tafi da ita.

Muka sayar da gidan kiwon muka dawo gari. Tun daga nan Mama in za ta wuce shagon sai ta tsallaka titi. A coci tana hagu yana dama. Tayarta in ta cinye, Longreach take zuwa, kilomita ɗari da casa'in zuwa, ɗari da casa'in dawowa. Duk garin ya koyi kada a ambaci sunansa a gabanta, har ya zame wa mutane jiki.

Ina da shekara ashirin da huɗu na sami aikin wasiƙu. A watan farko na fasa taya biyu, ga saƙon magani na jira, ba ni da lokacin Longreach. Na shiga shagon ina hura hanci, na shirya faɗa. Da ya gan ni sai fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi aikin duka bai ɗago ba. Da ya gama ya goge hannu ya tsaya, bai miƙo tafin ba. Na cire hulata na buga a kan kanta.

"Ni ba mutum ba ce?"

Ya ɗauka ya juya zai rataye, idona ya bi hannunsa, sai na ga hular da ke ƙusar farko. Akwai ƙuna a gefen bakinta inda Baba ya taɓa ajiye ta kusa da murhu. Ban san yadda na kai famfon iska ba, kuka nake yi har ba na ganin hanya. Da na dawo ya bi notocin, ya gama, sannan ya yi magana yana kallon sifanar.

"A kan kanta ya bar ta. Bayan tafiyarsa da minti goma na gan ta. Na ce ai zai juyo, Russ ba ya tafiya babu hula. Da ya juyo da na ga ƙafar tana wasa."

Daga nan dokar ta fito. Ni kuma daga nan na zama tasa, ya zama nawa, ko da yake faɗa ne ya fi yawa a tsakaninmu. Da Mama ta ji inda nake kai mota ta yi wata guda ba ta ɗaga wayata, daga baya ta yi kamar ba ta sani ba. Zancen hular kuwa na haɗiye shi. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ji tsoron fuskar mahaifiyata, na yi shiru shekara goma sha bakwai, kuma wannan laifin nawa ne ni kaɗai.

Lahadin da ta wuce, bayan coci, ina ɗakin girkinta tana yanka kek. Na ga in ban faɗa ranar ba, to ba zan faɗa ba har abada.

"Mama, wanda ya sayi shagon zai yi wa bango fenti. Des yana tambaya yaya za a yi da hular."

"Wace hula?"

"Ta Baba. A shagon ya manta ta ranar. Ita ce a cikin jakar takardar nan."

Ta ajiye wuƙar a hankali. Ba ta dube ni ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na fara aiki."

"Kowa ya sani?"

"Kowa."

"Tashi ki fita."

Na fita. Ranar Litinin na yi zagayena ina cewa na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, ga Juma'a tana matsowa. Talata da safe waya ta yi ƙara. Mama ce.

"Zo ki raka ni. Tayoyina sun cinye."

"Longreach?"

"In Longreach ne ai da na ce ki taho da abinci."

Ita ta tuƙa. Ta tsayar da ƙaramar motarta daidai ƙofar da ta shekara talatin tana tsallake wa titi. Bluey na ciki yana shan shayin banza kamar kullum, yana ganin ta ya ajiye kofi ya sulale ta baya. Des ya fito yana goge hannu da tsumma, ya tsaya cak.

"Misis Kinnear."

"Taya huɗu. Sababbi."

Ba ta dubi bangon ba. Ta zauna a benci, jaka a kan cinya, ta zuba masa ido. Na sha ganin Des yana aiki, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ya ɗaga motar ya cire ƙafafun. Ya zare tsofaffin tayoyin, ya shafa wa bakin sababbin ruwan sabulu, ya juya kowace sai da ɗigon rawayan da ke jikinta ya yi daidai da bakin iska. Ya ba su iska har suka yi ƙarar nan biyu, tas, tas, suka zauna. Ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a injin balansi, ya bar su suka juya suka tsaya, ya ɗauko 'yan dalma yana bugawa a gefe da ƙaramar guduma. Sau biyu dalmar ta suɓuce daga hannun nan mai rawa. Na sunkuya zan ɗauko masa, ya ce, "Bari." Ƙafa ta ukun ya sake juya ta sau uku duk da injin ya nuna ta yi daidai tun farko.

Sannan ya durƙusa da burushin waya a gaban ƙarfen da ƙafa ke zama a kai. Motar Mama ba ta san burji ba, babu ko ƙwayar laka a jikinta. Ya goge na farko har ya yi sheƙi. Ya goge na biyu, da na uku. Da ya zo na baya na hagu sai ya kasa dainawa. Yana gogewa, gumi na ɗiga daga hancinsa, ƙarfen ya yi fes tuntuni, shi kuwa yana ta gogewa. Babu abin da ake ji a shagon sai ƙarar burushin.

"Ya isa, Des," in ji Mama. "Za ka cinye ƙarfen."

Hannunsa ya tsaya. Karon farko ke nan da na ji sunan a bakinta tun ina yarinya.

Ya mayar da ƙafafun, ya kama kowane noti da yatsu kafin ya sa sifana, ya sauke motar. Ya goge hannu, ya tsaya yana kallon ƙasa, hannuwan a bayansa. Mama ta miƙe ta cire malafar da take sawa in za ta lambu.

"An canja dokar ne?"

Ya karɓa da hannu biyu. Ƙusoshi goma sha ɗaya ne babu komai a kansu, ya rataye ta a ta biyu. Bakin malafar ya taɓa bakin hular Baba.

Hanyar yamma ita ce hanyar tsohon gidanmu, kuma Mama ba ta sake bin ta ba tun da muka dawo gari. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana tafiya a hankali, motar tana karkarwa a kan gargada. Da muka kai famfon iska ta tsaya ta kashe mota. Farfelar tana juyi a sama tana ƙara. Ta daɗe tana kallon inda hanyar ta miƙe ta wuce.

"Ya sani," in ji ta. "Ubanki ba zai yi kilomita biyar rana na dukan kansa bai san babu hula ba. Ya sani sarai. Ya dubi hadari ya ce sai wani zuwan, don ya iso mana kafin ruwa." Ta share ido da bayan hannu. "Kafirin taurin kai. Duk su biyun."

Ta tayar da mota ta juya.

Mun tarar da shi a bakin ƙofa da sifana a hannu, da alama tun tafiyarmu yake tsaye a nan. Ya bi notoci ashirin, na ƙirga ƙas ashirin, babu wanda ya motsa.

"Sitiyari ya yi rawa?"

"Bai yi ba."

Ya shiga ya sauko da malafarta ya miƙa mata. Ta sa a kai ta gyara, ba ta tafi ba.

"Ɗayar fa?"

Ya koma bangon. Ya sauke hular, hannunsa ya kai ga tsumma don sabo, ya kaɗe ta, ya kawo. Mama ta karɓa ta juya ta, ta sa yatsa a kan ƙunar, ta kai ta hanci.

"Warin taya take yi."

"Ki yi haƙuri."

"Ka fi mai ita kula da ita."

"Misis Kinnear, ni tun ranar nan ban..."

"Noeline," in ji ta. Ta rungume hular a ƙirji. "Na daɗe ban zo ba, Des."

"Kin zo."

Ni dai na fita waje na tsuguna wurin karya, domin ba na son a ga mai kai wasiƙu tana kuka sau biyu a shago ɗaya. Ta taga na hango bangon. Inda hular take akwai wani farin zagaye, fentin wurin sabo fil, sauran bangon duk ya dafe.

To, Des na Glenys, mai burushi, mun gode. Anti Ruby ta gode, Bluey ma ya gode ko da yake ba zai faɗa ba. Akwai mutane da yawa a garin nan da suke zaune da jikokinsu yau ba su san rabin zagayen noti ne ya raba su da kabari ba, a madadinsu na ce an gode. Ni kuma na gode da ka ƙi tafiya lokacin da aka so ka tafi. Kuskure ɗaya ka yi, ka faɗe shi da bakinka a gaban jama'a, ka tsaya a inda ka yi shi kana gyarawa har ƙarfinka ya ƙare. Ban san wani aikin da ya fi wannan ba.

Ku kuma da kuke karantawa, kowa yana da lakar da yake tsallakewa in ana sauri, a shago ne ko a asibiti ko a cikin gida. Ku durƙusa ku kankare. In kun riga kun tsallake, ku miƙe ku faɗa. Na gaya wa sabon mai shagon ya yi fentinsa yadda yake so amma kada ya kuskura ya cire ƙusa ko ɗaya, kuma duk wanda ya ce masa ba ya sa hula, a duba bakinsa. Ranar Juma'a da yamma akwai shayi a ɗakin taro, kowa ya zo da abin da zai iya. Mama ta ce kek nata ne, kada wanda ya sa mata hannu.

Laraba da safe ƙofar ta yi kukanta ƙarfe shida saura kwata. Glenys ta raka shi ranar, ita ta ba ni labari. Ya kunna injin iska, ya ɗora buta, ya zuba wa karya ruwa. Ya ɗauki tsumma ya nufi bango, ya tsaya a gaban ƙusar farko, babu abin kaɗewa. Ya jima a nan. Sannan ya ajiye tsumman, ya jawo kujera, ya sha shayinsa a zaune.